Jirgin da Ya Ƙi Tashi a Bakin Gona

Wasu masu ɗaukar hoton biki a Funtuwa da Malumfashi sun mallaki ƙananan jirage marasa matuƙa, irin ƙirar DJI, har manomi kan ce a hango masa gonar masara ko ta auduga daga sama. Sai yaran ƙauye sun taru, kowa ya ɗaga kai, sannan jirgin zai yi 'yar ƙara ya lafe a ƙasa.

Sau da yawa kamfas ne ya rikice. Ƙarfe na dagula masa lissafi, ga shi kuma gogan naka a kan bonet ɗin mota ya ɗora jirgin, ko gab da tarakta. Maganin shi ne ya matsa fili, ya riƙe jirgin a kwance ya juya da shi, ya sake juyawa hancinsa na kallon ƙasa, dattawa na gefe suna tambayar juna ko sabon salon roƙon ruwa ne. Batirin ma ba ya shiri da rana. Yawancin jiragen nan digiri 40 ne iyakarsu, kuma batirin da ya saba wuni a mota a watan Afrilu kumbura yake yi.

A gida kuma da aka haɗa jirgin da kwamfuta, ta ce ba ta gan shi ba. An tsine wa manhaja, an tsine wa intanet, ashe igiyar USB ɗin ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar bayanai.

Wanda nasa ya tashi kuwa, ya sani tun 2016 sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ake tashinsa a Najeriya.