Ranka Ya Daɗe, Ciwon Saye

Ranka ya daɗe, Ciwon Saye, sarkin cututtukan da ba a yi wa jaje! Zazzaɓi ya kama mutum a ce masa sannu, hawan jini ya kayar da shi a je dubiya da lemo da ayaba. Kai kuwa idan ka kama bawan Allah, murna ake taya shi. Ya fito da shadda ta huɗu cikin wata guda, jama'a su ce, "Allah ya sa a kashe lafiya." Wace cuta ce ta taɓa samun wannan gata in ba kai ba?

Dattijo ne kai. Tun 1915 likitan ƙwaƙwalwa na Jamus, Emil Kraepelin, ya sa ka a littafinsa na koyar da likitoci da sunan oniyomaniya, wato haukan saye. Shekara fiye da 100 ke nan, amma har yau a unguwarmu sunanka "gayu".

Abin da ya fi burge ni da kai shi ne adalci. Mu mun daɗe da yanke hukunci cewa son kaya halin mata ne. Kai ba ruwanka da wannan wariya. A 2006 masu bincike na Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Lorrin Koran, sun tambayi manya fiye da 2,500 a Amurka, suka tarar da alamunka a jikin mata kashi 6 cikin 100, maza kuma kashi 5.5. Tazarar ba ta kai a ɗaga murya a kanta ba. Sai dai ka iya rufa wa maza asiri, wannan kam a yaba maka. Mace ta tara atamfa da leshi, a kira ta almubazzara. Maigida ya canja waya sau uku a shekara a Farm Centre, ya jera huluna arba'in a kan kai ɗaya, ya tara agogo da takalma da turaruka, a ce mutum ne mai son tsafta. Shi ne kuma zai zauna a majalisa yana kukan mata sun cinye shi da anko, alhali kuɗin cefane da ƙyar ya fito daga aljihunsa da safe.

Ka kuma san lokacin ziyara. Ba ka ɓata ƙafarka wurin mai buƙata. Kana zuwa wa matar da baƙin ciki ya hana barci, da saurayin da yake ganin sa'o'insa sun wuce shi, da ma'aikacin da aka ci wa fuska a ofis. Ka cika musu ƙirji da ƙaiƙayi, ba za su ji sanyi ba sai kuɗi ya bar hannu. Sanyin kuwa ba ya kaiwa gida. Kafin a sauka daga adaidaita-sahu nadama ta riga ta zauna a gefe. Kayan su shige ƙarƙashin gado cikin ledarsu, ko warware su ba a yi ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa ba ka cika tafiya kai kaɗai ba, ciwon damuwa da fargaba suna biye da kai kamar fadawa. Ga ka malami: mutumin da bai saba ƙarya ba ka koya masa cewa "kyauta aka ba ni", da "tsoho ne, kin manta da shi ne".

Zamani ma ya yi maka mubaya'a. Da sai an yi wanka, an shiga mota, an kutsa cunkoson Kantin Kwari ko Sabon Gari, an taya, mai kaya ya ce albarka, an yi gaba an dawo. A wannan kai-komo hankali yana iya dawo wa mutum. Yanzu ka kawo kasuwa ƙarƙashin matashin kai. Ƙarfe biyun dare ga mayafai a WhatsApp, ga takalma a Instagram, ga dillaliya tana cewa, "Saura biyu, Hajiya, in ajiye miki?" Yatsa ɗaya ya isa. Kuɗin da ba a ƙirga da hannu ba ai ba ya zafin fita. Idan asusu ya bushe, ga kwasar adashe, ga biya kaɗan-kaɗan, ga manhajojin bashi masu karamci, waɗanda suka riƙa tura wa dangin mutum saƙon tozarci har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022.

Har zumunci kana ƙullawa. Na zauna a wani zaman sulhu inda 'yan'uwan da suka shekara ba su haɗu ba suka cika falo, albarkacinka. An buɗe akwatuna shida maƙare da kayan da ba a taɓa ɗinkawa ba, yara uku suna gida an koro su saboda kuɗin makaranta, mai akwatunan tana kuka tana rantsuwa ita ma ba ta san abin da yake tura ta ba. Na yarda da rantsuwarta, kuma har yau kukan bai bar kunnena ba.

Kirarin ya ishe ka haka. Saura kai, mai karatu. Idan akwai wanda yake saye yana ɓoyewa a gidanku, yana cin bashi don abin da ba zai yi amfani da shi ba, mace ko namiji, ka daina taya shi murna, ka kuma daina zaginsa. Ku goge manhajojin tare, ya damƙa katin banki a hannun wanda ya amince da shi, sannan ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, ko wanda ya fi kusa da ku. Ana jinyar wannan ciwo ta hanyar zama da tattaunawa da ƙwararru, tare da magance damuwar da take ƙarƙashinsa. Don Allah kar ka jira sai masu bin bashi sun yi sallama.