Farfesun Laraba a layinmu

Mu dai matan layinmu a Gwammaja ba ma jiran suna ko biki kafin mu ɗora tukunyar farfesu. Laraba ta ishe mu. Wadda zagaye ya zo kanta, tun da hantsi take aika yaro kwatar Fagge, ta ja masa kunne kada ya yarda mahauci ya haɗa shi da tsoka zalla. Ƙirji muke so, da jelar sa, da ƙashi mai ɓargo, in da hali a ƙara 'yar ganda. Shanun nan da ake kawowa daga kasuwar Wudil sun sha yawon kiwo, namansu duk jijiya, kuma jijiyar ce ke narkewa ta ba romo kauri har ya riƙa kama leɓe.

Ana idar da Azahar ake hura gawayi. Nama zai shiga da albasa da gishiri kawai, ba ko ɗigon ruwa, sai ya fitar da nasa ya tsotse. Sannan a juye abin da ke turmi: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, da daddawa ɗan kaɗan. A tsaida ruwan zafi, a yayyafa wa garwashi toka don wuta ta lafa. Daga nan kin gama. Ki je ki yi wankinki, ki tari yara daga Islamiyya, tukunya na gefe tana ɗan motsi, murfi na ƙwal-ƙwal a hankali, awa 4 ko kusa da haka. Attaruhu sai bayan Magariba muke jajjagawa mu zuba, don ƙamshinsa ya kai ga baki.

A da, inda muke samun saɓani shi ne kanwa. Hajiyar gidan kusurwa ba ta farfesu sai ta jefa, ta ce awa 1 ta ishe ta. Ranar nan na ce mata, "Hajiya, laushi kam zai yi, amma romon zai yi duhu, kuma naman bai sha kayan ƙamshi ba." Ta ce, "'Yar nan, ke dai kina da gawayi." Gaskiyarta, buhu ya yi tsada. Shi ya sa yanzu kowace ke kawo ɗan ƙullin gawayi ranar Talata, aka daina maganar kanwa.

Bayan Isha'i ake baza tabarmi a tsakar gida. Wata ta zo da gurasa, wata da zoɓo mai sanyi, masu goyo su kwantar da yara a gefe. Naman da cokali ake yanka shi. Ƙashin ɓargo na Hajiya ne, ba mai miƙa masa hannu. Kafin kowa ta kai loma, sai an cika kwano an rufe, an ba yaro ya kai wa mai jegon gidan da ke kallon namu, da saƙon ta sha romon da zafinsa.