Allah Ya Ja Zamanin Mai Kishin Ƙasa

Akwai wasu marasa godiyar Allah, galibinsu 'yan zaman teburin mai shayi, da suke yawo da wata tambaya, wai ko kishin ƙasa yana da amfani a rayuwar yau da kullum. Wai ana dafa shi? Wai yana biyan kuɗin haya? Da sun taɓa yin arba da Mai Girma, da bakinsu ya mutu. Ranka ya daɗe, toron giwa mai tafiya da jiniya, bango madafar 'yan kwangila, hadari mai zuba inda ya ga dama, inuwar giginya na nesa ka sha, uban marayun Landan da Dubai, Allah ya ja zamaninka. Tun ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, ƙasar nan ba ta haifi ɗan da ya ƙaunace ta kamarka ba.

A je filin fareti ranar bikin 'yancin kai a sha kallo. Babbar riga fara sol ta shaddar Getzner da aka saƙa a Ostiriya, aikin wuya kore shar, agogon Suwizalan, takalmin Italiya, turaren Dubai yana riga shi isa rumfa. Ga 'yar tuta maƙale a ƙirji, daidai saitin zuciya. Da an busa taken ƙasa sai ya miƙe ƙyam, ya lumshe ido, leɓɓansa suna motsi ba sauti, don kada ya kunyata na kusa da shi da ba su haddace ba. Wanda ya ga wannan tsayuwa bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba, a binciki asalinsa.

Abin da jahilai suka kasa ganewa shi ne, ƙaunar Mai Girma ga Najeriya ƙauna ce mai alkunya, irin wadda ɗan mutunci yake yi wa surukarsa. Ba ya cin abinci a gabanta, ba ya kwana a ɗakinta, in ya hango ta a hanya sai ya ratse. Kowane gama-gari zai iya cewa yana son ƙasa, ya kuma bi ta da buƙatu, yau asibiti gobe makaranta. Mai Girma ya fi ƙarfin wannan rashin ta-ido.

Ɗauki asibiti. Ya san gadaje ba su isa ba. Ya san likita ɗaya ne ke fama da layin da ya miƙe har bakin ƙofa, 'yan jinya sun shimfiɗa tabarmi a baranda, ana rubuta wa mai naƙuda safar hannu da auduga da reza ta aika a sayo. Sai ya danne son zuciyarsa, in kansa ya sara ya hau jirgi, ya jure sanyin Landan da kewar tuwo, ya bar wa talaka gadon nan. A can ma kishin bai barinsa, don likitan da zai duba shi sau da yawa ɗan gida ne, wanda ya yi karatu a Zariya ko Ibadan, wanda Mai Girma ya yi wa hanyar fita da hikimar riƙe masa albashi da alawus har ya gane duniya da faɗi. A Abuja ne, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Mai Girma ya karɓi alkawarin nan hannu biyu, ya naɗe shi ya adana, bai yarda an taɓa shi ya tsufa ba, kason lafiya na tarayya yana ta kai-komo a wajen kashi 5. A 2017, shekarar da shugaban ƙasa ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, uwargidansa ta fito ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ba shi da ko sirinji. Mahassada suka ɗauka abin kunya ne. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan, a daidaita asibitin fada da ɗakin shan magani na ƙauye, ba wanda ya fi wani?

Haka ya yi wa makaranta kara. A 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki tun Fabrairu, ba a koma aji ba sai Oktoba, wata takwas cur. Ko kujera ɗaya Mai Girma bai tare wa ɗan kowa ba, don nasa 'ya'yan tuni ya kai su Ingila da Amurka da Malesiya. A tsakiyar yajin nan ya daure ya bar aikin ƙasa ya je bikin yaye su, ya tsaya kusa da su cikin rigar digiri, ya sa hotunan a Facebook, domin ɗalibin da ke zaune a gida yana jiran shagon cajin waya ya ga yadda rigar take, ya ƙara ƙaimi. Kuma yaran nan, da yake kyan ɗa ya gaji ubansa, ba sa zama a can. Suna dawowa su sadaukar da kansu a manyan ma'aikatun da ba a wahalar da jama'a da tallar gurabensu a jarida.

Sai maganar hanya, inda basirar ta kai maƙura. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan an cire tallafin mai an ce kowa ya ɗaure ciki, aka yi odar manyan motoci 'yan waje domin 'yan majalisar tarayya, kowacce ta haura naira miliyan 100. Da aka tambayi dalili, aka amsa da cewa hanyoyin ƙasar ba su da kyau. Tubarkalla! Mai ƙaramin tunani da sai ya ce a gyara hanyar. Mai hangen nesa ya san ramin nan ya girmi wasu 'yan majalisar, da shi direbobi ke gane sun kusa gida, a bakinsa yara ke samun na abinci da shebur da ƙasa. Sai aka bar rami a inda Allah ya ajiye shi, aka sayo motar da za ta tsallake shi ba tare da ta ɓata masa rai ba. Motocin da ake haɗawa a Nnewi kuwa aka tausaya musu, aka hutar da su.

Wutar lantarki ma bai ƙwace wa kowa ba. A Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako cikin duhu, masu walda suka rufe, masu niƙa suka ninka kuɗi, ƙanƙara ta zama kayan gabas. A duk tsawon kwanakin nan gidan Mai Girma bai nemi komai a wurin ƙasa ba, janareta da sola suka ɗauki nauyinsa. A 2025 aka ware naira biliyan 10 don ita ma fadar shugaban ƙasa ta koma kan hasken rana, ta sakar wa talakawa layin gwamnati su wataya. Masaƙun Kakuri a Kaduna, da suka fara tun 1957, da na Sharaɗa da Bompai a Kano, ya lura sun gaji da ƙarar inji, ya ba su hutun da har yau ba su farka ba.

Abu ɗaya tak ya yarda ya taɓa, shi ma don tsoron kada ya lalace, wato baitulmali. Ƙasa mai gara da gobara da ɓarayi, wa zai bar dukiyar al'umma a cikinta? Sai ya ɗauke ta da hannunsa mai albarka ya kai inda ake da sanyi da tsaro. Ga shaida nan a fili. Abin da wani magabaci ya adana a Suwizalan a shekarun 1990 an yi ta dawo mana da shi kashi-kashi, a 2017 kaɗai aka amince a maido dala miliyan 321. Da a gida aka bar su, da tuni an ɓarnatar da su a kan rijiyoyi da allurar rigakafi.

Masu cewa Mai Girma yana da nawa ba su ga abin da ya faru a Mayun 2024 ba. Ana kukan tsadar masara, ana sace mutane a hanya, ana ja-in-ja da 'yan ƙwadago a kan albashi, sai ya duba da idon basira ya gano inda ciwon yake: taken ƙasa. Cikin kwanaki ƙalilan majalisu biyu suka amince, ranar 29 ga wata aka sa hannu, aka ajiye taken da ake rerawa tun 1978, aka dawo da na 1960, wanda wata Baturiyar Ingila, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa. Ko a waƙa Mai Girma bai yarda a wahalar da ɗan gida ba. Shi kuwa mafi ƙarancin albashi, da yake abin duniya ne mai ƙarewa, aka bi shi a sannu, sai da aka yi yajin aiki, sai a Yuli aka tsaya a kan naira 70,000, a shekarar da buhun shinkafa ya haura haka a kasuwa.

Kada a zaci ya riƙe kishin ƙasa shi kaɗai. Ya raba shi rabon adalci, ya ɗauki jawabi da tuta da lambar girma, ya bar wa talaka kaso mafi lada, wato haƙuri. Tun Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, zuwa shirin wayar da kai na MAMSER a 1987, zuwa gangamin 2016 da aka ce canji daga kan kowa zai fara, ba a taɓa gajiya da tuna wa talaka cewa shi ne matsalar ba. Ga ungozoma a asibitin karkara, waya a baki tana haska fitila, hannu biyu suna karɓar haihuwa. Ga malamin firamare da yara fiye da ɗari a ƙasa, allo ya koɗe, alli daga aljihunsa, yana koya musu sabon take alhali bai gama biyan bashin mai kanti ba. Ga soja a daji yana kiran gida a ranta wa matarsa kuɗin cefane. Duk Mai Girma ne ya buɗe musu wannan ƙofar lada. Da ya biya su hakkinsu a kan kari, da aikin nasu ya zama na kuɗi, ikhlasi ya tafi. In kuwa ɗayansu ya yi subul da baka ya ce wayyo, akwai sojojin baka a rediyo da Facebook, 'yan albarka masu kwana da data, da za su tuna masa cewa ɓata sunan ƙasa a idon duniya ba halin ɗan halak ba ne.

Amma duk wannan somin-taɓi ne a kan yadda Mai Girma yake ji da tuta. Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana ta yana ɗalibi a Landan aka ba shi fam 100, ya rasu a Agustan 2023. Saboda tsabar girmamawa aka yi wa iyalinsa alkawarin jana'izar ƙasa, gawarsa ta yi shekara guda a ɗakin ajiya tana jiran a gama shirin da ya dace da darajarta, har iyalin suka kasa haƙuri suka binne shi a Ibadan. Gaggawa dai ba ta da kyau.

A Agustan 2024 kuma, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka ga wasu a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Nan fa zuciyar Mai Girma ta karye. Mutumin da ya jure ganin yara fiye da miliyan goma ba sa zuwa makaranta, ya jure labarin ƙauyukan Zamfara da Katsina da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu, bai zubar da hawaye ba don dauriya irin ta manya, wannan karon ya kasa. Aka kamo waɗanda aka kama, da yara ƙanana a cikinsu, aka kai su Abuja, aka tsare su wajen wata uku. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya bisa tuhumar cin amanar ƙasa, tuhumar da a da sai janar-janar da manyan 'yan siyasa ke samun alfarmarta. Duniya ta ga ƙasusuwan wuyansu, ta ga wasu sun yanke jiki sun faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10, wanda ya nuna ƙasa ta san darajar 'ya'yanta, don ba a taɓa yi wa ɗan talaka kuɗi haka ba. Da surutu ya yi yawa, sai tausayi ya motsa, aka ba da umarni a sake su, aka kwashe su zuwa fadar shugaban ƙasa, aka yi musu nasiha su zama 'yan ƙasa nagari, aka danƙa su ga gwamnoninsu a gaban kyamara. Yaro ya fito don garin tuwo ya yi tsada, ga shi ya ga Abuja, ya ga cikin kotu, ya taka dardumar fada, duk a aljihun gwamnati. A nuna mini ƙasar da ke yi wa ɗan talaka wannan gata.