Wutar da Ba Ta Gasa Masara: Zuwa ga Bawana, Bazazzagin Manchesta

Dakta bawana, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Labari ya iso mana cewa sanyin Ingila ya ratsa ka har ɓargo, ka shiga zagayen kantuna kana neman murhun lantarki, irin wanda ake kafawa a falo a zauna ana kallon harshen wuta yana rawa a bayan gilashi. An ce takardun talla sun cika teburinka, kana ja musu layi da jan biro. Halin Zagezagi ke nan, abin da Bakano zai gama cinikinsa a tsaye sai kun kafa masa kwamiti. To, ajiye biron ka saurara, tunda Allah ya haɗa ka da ubangida mai tausayi.

Abin da za ka saya babu wuta a cikinsa ko ta ashana ɗaya. Ƙananan ƙwayayen lantarki ne, da wani siririn sanda mai ƙyalƙyali da ke juyawa a hankali, hasken ya daki madubi ya faɗo a gilashi, ido ya ɗauka itace ke ci. Gumagumai da garwashin da ka gani duk ƙirar masana'anta ce. Kamfanin Dimplex ya fito da irin wannan dabara tun 1988, daga baya kuma ya ƙaro wani nau'i mai fesa tururin ruwa a haska shi, sai ka rantse hayaƙi ne ke tashi. Wannan na biyun sai ana zuba masa ruwa a kai a kai, kuma a garin da ruwan famfo ke barin farin ɓawo a buta yana saurin toshewa. Ku dai kun yi sa'a, ruwanku daga tafkunan arewa ake janyo shi, ba irin na Landan ba ne. Na san mai tururin nan zai ja hankalinka, domin Bazazzagi da abin burgewa sai Allah.

Zafin kuwa daga wata 'yar hita yake fitowa, a ɓoye a sama ko a ƙasan akwatin: waya ce ta yi zafi, fanka ta huro iskar. A nan nake so ka buɗe kunne, don a nan ake wanke masu digiri. Fulogin Ingila fis ɗinsa ba ya wuce amp 13, wutar gida kuma bolt 230, saboda haka duk abin da za a soka a bango ba ya wuce kilowat 3. Galibin waɗannan murahu kilowat 2 ne, da wani maɓallin da ke rage shi zuwa 1. Na fam 150 da na fam 1,500, muddin duk kilowat 2 ne, zafinsu ɗaya ne sak. Lantarkin da ya shiga duka yake komawa zafi, a mai arha da mai tsada. Rarar kuɗin ta kyan harshen wuta ce, da katakon da ya kewaye shi, da rimot, da fankar da ba ta damun mutum da ƙugi. Idan yaron kanti ya ce maka mai tsadar ya fi ɗumi, ka sani ya ji Turancinka ne ya gane ya samu nama.

Sai gidan. Ka ce tsohon gida ne na jan bulo, irin jerin nan da aka gina wa ma'aikatan masaƙu lokacin da Manchesta ke saƙa audugar duniya, kuma akwai ramin murhu a bangon falo. Wannan rami da kwal aka san shi. Abin da ya kashe shi shi ne baƙin hazon da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952, wanda ya hallaka dubban mutane, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956, garuruwa suka shiga hana hayaƙi unguwa bayan unguwa. Ramin ya saura, bututun hayaƙi ma yana nan a samansa, a buɗe har rufin gida. Idan ka cusa murhun lantarki ka bar bututun haka, ɗumin da ka saya da guminka zai bi ta can ya tafi wajen tsuntsaye, ruwan sama da tsohuwar kunkunniya kuma su riƙa zubo wa na'urar a ka. Ka nemo mai share bututu ya share, a sa masa hula a sama, a toshe shi daga ƙasa da abin toshiya na ulu ko balan-balan ɗin da ake sayarwa don haka, a bar 'yar kafar da iska za ta riƙa bi don kada bango ya jiƙe. In kuwa tsohon murhun gas ne a ramin, kada ka ce kai injiniya ne tunda ka taɓa wucewa ta gaban tsangayarsu. Doka ta ce sai mai rajistar Gas Safe ne zai cire shi ya rufe bututun gas ɗin.

Kafin ka fita, ɗauki tef ka auna ramin: faɗi, tsawo, da zurfi. Yawancin na cusawa an yi su ne don rami mai faɗin inci 16, amma tsohon magini bai yi shawara da kowa ba, kuma zurfin ne ke ba mutane kunya. Rubuta a takarda. Kada ka auna da taƙi ka je kana yi wa Bature bayani da hannu.

Idan gidan na haya ne, magana ta ƙare da wuri: sayi mai tsayuwa da ƙafafunsa, ka jingina shi a bango, ranar tashi ka ɗauki abinka. Na ratayewa yana son huda bango da izinin mai gida, kuma ba kowane bango ke ɗaukar nauyi ba, wasu allo ne kawai aka shafe da fenti. Shi kuma yayin nan na gina sabon bango a saka talabijin a sama murhu a ƙasa, in har uwargida ta matsa, ka tabbata iskar zafin ta gaba take fita, ba sama take bugawa ba, in ba haka ba talabijin ɗin ce za ta zama tsiren.

Soket nasa shi kaɗai, kai tsaye a bango. Na san ku da jona waya a kan waya, caja da dutsen guga da tukunyar shayi duk a wuri ɗaya. Kilowat 2 na awanni yana iya narkar da irin wannan jone-jone, kuma kada a binne wayar a ƙarƙashin kafet. Labule da kujera su ja baya kamar mita guda. Babbar rigarka kuma ba a kansa ake shanya ta ba.

Zan yaba masa a wuri ɗaya, don kada ka ce hassada ce. Kaskon gawayin da tsofaffinmu ke shiga da shi ɗaki a hunturu yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, in aka rufe ƙofa da taga sai a kwanta ba a tashi ba. Na lantarki ba ya ƙona komai, don haka ba hayaƙi, ba toka, ba wannan guba. Ga mai ƙananan yara wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saura lissafi, wanda shi ne gadon gidanmu. Kilowat 2 na awa ɗaya yunit 2 ke nan. Awa biyar kowane dare yunit 10, a wata 300. A ce yunit yana kan rubu'in fam, ka ga fam 75 ta tafi a ɗumama ɗaki ɗaya tak. Kuma a Ingila farashin yunit na lantarki ya kusa ninka na gas sau huɗu, saboda haka duk wanda ya kashe hitar gas ta gida ya dogara da wannan don tsimi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Amfaninsa shi ne daren da kai kaɗai ne a falo, ka ɗumama inda kake zaune ka bar sauran ɗakuna. Nemi mai na'urar da ke kashe kanta idan ɗaki ya yi ɗumi, da agogon da za ka saita.

Akwai kuma maɓallin da na tabbata shi za ka fi dannawa: wanda ke kunna harshen wutar kaɗai ba tare da hita ba. Wannan abin da yake ci bai fi na ƙwan fitila ba. Ina ganinka yanzu, baƙi sun zo daga Tudun Wada, ka kunna musu wutar hoto, kowa ya miƙa tafin hannu yana murzawa, haƙora na kaɗawa, babu mai iya cewa bai ji ɗumi ba don kada a ce baƙauye ne.

In ka gama saye, abin da ya ragu daga fam 1,500 ɗin da na hana ka zubarwa ka turo shi Kano kafin watan cika-ciki. Kuɗin sharar bara ma ba ka biya ba.