Yatsa Na Bakwai

Tsirkiya ɗaya ce tal a kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, kuma da ita ya yi suna har ƙasashen waje. Wannan lissafi ne ya kai ni kasuwa na sayo jita: in ɗaya ta kai mutum can, ina ga shida? Mai shago ya haɗo ni da takardun koyo, yana cewa, "Alhaji, da waɗannan ko malami ba ka buƙata." Har yau ban yafe masa ba.

Takardar farko zanen akwati ne. Layuka shida na tsaye su ne tsirkiyoyi, na kwance kuma ƙarafan da suka raba wuyan jita gida-gida. Baƙin ɗigo shi ne inda za ka danna, lambar kuwa yatsa take nufi: 1 manuni, 2 na tsakiya, 3 na zobe, 4 ɗan auta. Babban yatsa bai samu lamba ba, yana can bayan wuya yana aikin tokara. Alamar O na nufin a kaɗa tsirkiyar ba a danna ba, X kuma kada a taɓa ta. Ni a ganina inda aka sa X nan ake son duka, don haka a haɗin sautin da ake kira C na dinga jibgar tsirkiya mai kauri har akuyar maƙwabci ta fara amsawa.

Haɗin Em ne ya rufa mini asiri. Yatsu biyu kacal, gida na 2, tsirkiya ta 5 da ta 4. Sai dai wanda ya raɗa wa tsirkiyoyin lamba daga ƙasa ya faro: siririyar can ƙasa ita ce ta 1, mai kaurin da ke kusa da haɓarka ta 6. Ko me muka yi masa, oho.

Sai takardar da ake kira tab, mai layuka shida a kwance. Na ga 3, na ɗora na zobe. Na ga 5, na ce to, babban yatsa ya samu aiki. Sai ga 7! Na ƙirga hannuna, na sake ƙirgawa, sannan na ƙwala wa yarona kira: "Zo nan, ara mini yatsu biyu." Uwargida ta tarar da mu mun danne jita a kan tabarma, gumi na zuba. Ta ce, "Malam, kiɗa ake yi ko yankan rago?"

Wani saurayi da ke kaɗa jita a coci ne ya cece mu. Sai da ya gama dariyarsa ya ce, "Baba, a tab lambar gida ce, ba yatsa ba." Ya sa na yanke farcen hagu, ya nuna mini a danna da kan yatsa dab da ƙarfen. Daga nan ya kawo F, inda manuni shi kaɗai zai kwanta ya danne tsirkiya shida a gida na 1, sauran ukun su bazu neman abinci. Na kaɗa, sai ƙus. Wuyan hannu ya sage. Wai don ya ƙarfafa mini gwiwa, ya ce ai Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Na ce shi ya ga zai iya.

Yanzu yatsuna sun yi kanta, Em da C sun zauna. Mai biki da ke neman makaɗi, ina nan, amma ya zaɓo waƙar da babu F a cikinta.