Yadda Ake Bikon Ƙasar da Ta Yi Yaji

Idan kana da ɗan fili a bayan gida a unguwar Kongo-Rasha ta Jos, ko da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma ka taɓa kai masa sara fartanya ta yi ƙara ta dawo, hannunka na zugi har kafaɗa, to matso kusa. Kada ka zagi maƙeri. Ƙasarka ce ta yi yaji, kuma da gaskiyarta. Shekara da shekaru ana taka ta, yara sun mai da ta filin ƙwallo, magina sun kwaɓa siminti a kanta ko sannu ba su ce mata ba, kullum safiya kuma tsintsiya na kwashe duk ganyen da zai ruɓe ya zame mata abinci. Ga ruwan Jos, kusan milimita 1,400 a shekara, yana dukan ta ba mayafi tun daga Afrilu har Oktoba, yana wanke ɗan laushin da ke sama ya bi lambatu ya nufi kogin Dilimi. Abin da ya rage hunturu ya busar da shi ya zama tsandauri. Wadda aka yi wa haka ba a zuwa bikonta hannu rabbana, ba a kuma dawo da ita da ƙarfin tuwo.

Kafin ka kashe ko kwabo, ɗauki diga ka haƙa rami kamu ɗaya. Garin nan a kan dutse yake zaune. In ka ga bakin diga na tartsatsin wuta, to surukinka ka tarar, kuma shi ba a lallashinsa da taki. Jera bulo ko duwatsu ka tayar da fangali a sama, ka cika shi da ƙasa. In kuwa jar ƙasa ce ko laka ta dunƙule, alhamdu lillahi, akwai magana.

Lokacin haƙa ma yana da ladabi. A watan Agusta, da ƙasa ta sha ta ƙoshi, duk sarar da ka yi ƙara liƙe ta kake yi. Damƙi ƙasar a hannu ka matse: in ruwa ya ɗiga, ko ta zama curi mai sheƙi, ajiye fartanya ka je ka sha shayi. In ka taɓa curin da yatsa ya wargaje, ranar aiki ta yi. A tsakiyar rani kuwa, yi mata ban-ruwa da yamma, ka bar ta ta kwana ɗaya ko biyu. Ni dai na fi son ƙarshen damina, wajajen Oktoba zuwa Nuwamba, domin ƙasa na da sauran danshi, bayanka kuma zai sa maka albarka.

Sai kayan biko, kuma a nan ne mutane suka fi kwafsawa. Taki bai yi wa Jos wuya ba. Akwai na shanu a 'Yan Shanu da kasuwar Kara ta Bukuru, akwai gidajen kaji birjik a kewayen gari, akwai kuma awakin maƙwabci waɗanda dama sun daɗe suna cin bashin ganyenka. Amma taki suna ya tara. Na kaji shi ne mai zafin rai: ɗanyensa kan ƙone tsiro cikin kwanaki, ka wayi gari ganye ya yi rawaya, bakinsa ya soye. Na awaki da tumaki mai sauƙin kai ne, busasshe, bai cika wari ba. Na shanu sanyi gare shi, yana da auki, shi ya fi sassauta laka, sai dai yakan zo da 'yan rakiya, wato irin ciyawar da saniya ta ci a hanya. Idan ka je saye, gaida mai shi da kyau, ka ce, "Baba, wannan ya kwana biyu kuwa?" Zai ce maka tun bara yake nan. Ka ce madalla, sannan ka tura hannu cikin buhun har gwiwar hannu. In ka ji ɗumi, ko wari ya doki hancinka har idonka ya kawo ruwa, bai nuna ba. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ƙanshinsa na ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

In ɗanye ka samu, ba asara. Nemi lungu mai inuwa, nesa da tagar maƙwabciyarka, ka tara tsibi hawa-hawa: taki, busasshiyar ciyawa ko ganye, taki kuma. Ɓawon kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da ake zubarwa a kasuwar Farin Gada su ma 'yan gida ne. Garin katako daga kasuwar Katako yana da amfani, amma kaɗan, kuma a cikin tsibi kawai. In ka binne shi ɗanye a fangali, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi za su wawushe sinadarin da ke sa ganye kore, shukarka ta tashi a kumure. Yayyafa ruwa ya jiƙa ba tare da ya ɗiga ba, ka rufe da tsofaffin buhuna, ka riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi har ka ga tururi da asuba, kuma zafin nan ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A garin nan da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba kan rage wa tsibi hanzari, don haka ba shi wata biyu zuwa uku. In maƙwabciyar ta leƙo ta katanga ta ce, "Maigida, wai me ya mutu a gidanku?", to ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ba ta haƙuri, ka ƙara busasshen ganye, ka juya, ka kuma yi mata alkawarin latas. Ka cika alkawarin.

Wannan jiran ba don shuka kaɗai ba ne. Latas da karas da kabeji ɗanyu ake ci, yara na ci. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa takin zamani ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Cikin ɗanka bai fi na ɗan Ba'amurke ƙarfi ba.

Da taki ya nuna, shimfiɗa shi kaurin yatsu uku, ka cuɗa shi da ƙasar sama zurfin taƙi guda. Wani zai ba ka shawarar ka zuba yashi. Gode masa, ka bar yashin a wurin magina, domin ɗan yashi cikin laka tubali yake bayarwa. Wani zai ce buhun NPK ya fi sauri. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya buɗe wa ruwa da iska hanya, ba ya kuma kiran tana. Toka fa? Masu lambu a gaɓar Dilimi da bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari sun daɗe suna aiki da tokar bola, domin ƙasar tudun nan tana da tsami, toka kuwa na rage shi. Sai dai bolar yau cike take da leda da batir da kwalaba. Ka tsaya ga tokar murhun gidanka, ka barbaɗa sama-sama, kuma kada ka haɗa ta da ɗanyen kashin kaji, don ƙarfinsa zai bi iska.

Wanda bayansa ba ya son diga, akwai dabarar 'yan uwanmu na Tawa a Nijar, musamman wajen Illela, wadda suke kira tassa. Ita ce Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da ita, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. A kan fako suke haƙa ƙananan ramuka, faɗin taƙi ɗaya da ɗan kai, su zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, su jira ruwa. Gara ta biyo takin, ta yi ta huda ƙasa daga ciki, ruwa ya sami hanyar shiga. Ga ma'aikata ba albashi, ba hutun Sallah, ba na Kirsimeti. A Jos ruwa ya fi na Tawa yawa nesa ba kusa ba, don haka da rani dabarar ta fi dacewa da mu. Da damina tayar da kunya, kada shukar ta nutse.

Ƙasa ta dawo, saura riƙo. Yi fangalin yadda hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe, ka kafa doka: ba mai taka shi, har kai mai dokar. Lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa, ka kewaye da kara ko tsohon gidan sauro saboda kajin unguwa, waɗanda ke jin labarin sabon taki kafin kowa. Kowace shekara ƙara mata wani, tun ba ta tambaya ba.

Shekarar farko shuka alayyafo, yakuwa ko wake, masu haƙuri da ƙasar da ba ta gama hucewa ba. Karas ka bari sai baɗi. In ya ci karo da tauri ko ɗanyen taki a ƙasa, rabuwa yake yi ya fito da ƙafa uku, kuma ko kyauta ka kai Farin Gada sai an yi maka dariya.