Sirrin da Aka Manna a Gindin Akwati

An kawo mana sabuwar rauta ofis, akwatin nan mai ƙahoni da ke janyo intanet daga waje ya raba wa kwamfutoci. Na yi bismillah na buɗe kwali. Takardar ciki ta ce mai son cikakken bayani ya duba intanet. To, madalla. Ka zo neman ashana, an ce ka kunna fitila ka duba.

A bayanta akwai ramuka 5. Huɗu launinsu ɗaya, na biyar shuɗi ne, an rubuta masa WAN. Nan ne wayar kamfanin intanet ke shiga. Ni kuwa ba na nuna bambanci tsakanin ramuka, sai na cusa ta a na kusa da hannuna. Awa 2 ina kallon jar fitila, ita ma tana kallona.

Wani ɗan bautar ƙasa ya leƙo. "Baba, ba nan ba ne." Ya canja rami, ya buga 192.168.0.1, shafi ya buɗe yana neman suna da kalmar sirri. Suna admin. Kalmar sirri ma admin. An manna su a gindin akwatin tare da ta Wi-Fi, don kada baƙo ya wahala.

Na ce ba da ni ba. Na ƙirƙiro sabuwa mai haruffa 16, wadda ko aljani ba zai canka ba. Kafin La'asar ni ma na kasa cankarta. Maganin dai allura ce: a tsikari wani ɗan rami na daƙiƙa 10, komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta.

Jiya mai shayin ƙofar ofis ya kawo mini kofi, ya ɗaga akwatin ya goge ƙura. Yau ya ce intanet ɗinmu ya fi na maƙwabta sauri.